Wa Ya Taɓa Kan Baba Sekope?

SHAFI NA 23

Jama'a ku yi min afuwa, kwana tara ban leƙo ba. Na ga saƙonninku har na masu zagi, duk na yafe, don dalilin mai daɗi ne. Na sauka! Mace ce, ranar Talata da hantsi, gashi cike da kai kamar an shafa mata mai tun daga ciki. Ubanta yana can gonar tuffa, da ya ganta a waya sai ya fashe da kuka gaban abokan aikinsa, ƙato guda da shi. Yanzu haka tana kan cinyata, da hannu ɗaya nake dannawa, in kun ga kuskure ita za ku kama. To mu koma gidan Baba Sekope, su kam yau ba daɗi.

*

Tun kafin jirgin ruwa ya gama juyowa bakin gaɓar Pangai, garinsu na kan tsibiri, Sulieti ta kakkaɓe kafaɗar mahaifinta sau uku da gefen hankici.

"Suli, za ki huda rigar," in ji Baba Sekope.

"Tsaya dai Baba, in ƙara dubawa."

Babu komai. Baƙar rigar makokin tas take, ko ɗigon fari babu.

Sati shida da suka wuce ba haka take ba. Ranar da ƙanwarsa Gwaggo Tapaita ta zo ta gan shi a coci, amosani ya zubo masa a kafaɗu kamar a kansa aka kankare kwakwa. Ko abincin rana ba ta ci ba ta yanke hukunci.

"An mayar min da ɗan'uwa abin nuni. In na dawo na same shi haka, jirgin da ya kawo ni shi zai tafi da shi babban birni, Nuku'alofa. 'Ya'yana suna can, su aka yarje wa taɓa kan kawunsu, su za su kula da shi."

Kuma a al'adarsu, in ƙanwar uba ta yi magana an gama.

Shi kuwa Baba, kullum da safe sai ya je ya share yashin kabarin matarsa Akosita, ya gyara furanni, ya ba ta labarin wanda alade ya shiga gonarsa. Wata bakwai kenan bai fasa ba. A raba shi da kabarin nan, a raba shi da numfashi ne.

Shekara talatin Akosita ce ke gyara masa kai duk Asabar. Shi sanyin ƙashi ya riƙe masa kafaɗu biyu, cokali ma da ƙyar yake kai wa baki. Ita kuma Suli 'ya ce, 'ya ba ta taɓa kan ubanta. Tapu ne, wato babban haramci a al'adarsu, yaron da bai iya magana ba ma ya sani.

Amma ga kai ya gyaru.

Abin da ke tsorata Suli kenan.

Gwaggo Tapaita ta shigo da tsohuwar tabarmar makoki ɗaure a ƙugu kamar yadda suke yi a can, jaka a hannu, fuska ba annuri. Ta zauna a kujera. Baba da ya girme ta da shekara tara ya zauna ƙasa kusa da ƙofa don girmama ta, ya naɗe ƙafa.

"Iye," ta ce tana kallonsa sama da ƙasa. "Sekope, kai ne ko an yi maka ƙane ban sani ba?"

"Ni ne Tapaita. Ya hanya?"

"Hanya ta juya min ciki tun daga can. Ke, ba ki iya gaisuwa ba?"

Suli ta durƙusa da 'yarta Lupe a kafaɗa.

"Sannu da zuwa Gwaggo. Ga doya da kifi na ajiye miki, da zafinsu."

"Ajiye su."

Gwaggo ta leƙa kafaɗar dama. Ta leƙa ta hagu. Ta ɗan jinjina kai, har Suli ta fara sauke numfashi.

Sai ta ga hancin Gwaggo ya motsa.

"Ƙamshin Akosita nake ji."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Na ce ƙamshin Akosita nake ji a ɗakin nan."

"Man da ta bari ne," in ji Baba yana kallon tabarma.

"Wanne? Man da ta bari da hannuna na juye shi a duwatsun kabarinta, har kwalbar na ɗauraye. Kar ka fara min tsufa da ƙarya."

"Ni na dafa sabo Gwaggo," Suli ta yi sauri. "Yadda Mama ta koya min. Na kankare kwakwa na matse madarar, na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har man ya taso, na zuba furen mohokoi mai ƙamshin nan. Ana shafawa a fatar kan, ba a gashi ba, a bar shi ya jiƙa kamar tsawon dahuwar doya. Sai a taje a hankali, a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan ɗumi da aka matsa rabin lemun tsami. Sau biyu a sati. Ba a sosawa da farce, in an sosa ƙaruwa yake, kuma matashin kai ma na..."

"Ke."

Suli ta haɗiye sauran.

"Na ce ki buɗe min makaranta? Dafa mai kowa ya iya, ba laifi ba ne. Wa ya shafa?"

"Ni," in ji Baba.

"Kai?"

"Ni da kaina."

"To madalla, ashe an samu lafiya. Ɗaga hannunka in gani."

"Tapaita..."

"Ɗaga mana. Taɓa min tsakiyar kanka sau ɗaya in ci doyata in koma."

Baba ya cije leɓe. Hannun dama ya taso a hankali, ya zo ƙirji, ya zo wuya, ya tsaya yana rawa. Zufa ta keto masa a goshi. Ya sake gwadawa, hannun ya faɗo kan cinyarsa.

Suli ta kawar da kai.

"Na gani," in ji Gwaggo a sanyaye. In ta sanyaya murya haka gara ta yi ihu. "Kai ba ka iya ba. 'Yarka ba za ta yi ba, don Akosita ba ta yi rainon mahaukaciya ba. Saura wa? Mace ce ke shigowa gidan nan."

"Kai Tapaita, ki ji tsoron Allah."

"Fane ce ko? Bazawarar nan mai gasa burodi. Tun ranar jana'iza na ga yadda take miƙo maka shayi da hannu biyu tana lanƙwasa wuya kamar kazar da ta ga tsaba."

"Fane ba ta taɓa wuce bakin shingen nan ba."

"Wata bakwai! Yashin kabarin ko kwanciya bai gama yi ba, kai kana nan ka miƙa wa wata kai a cinya. Da baƙar riga a jikinka!"

Ta miƙe ta gyara tabarmar ƙugunta.

"Bari in je in gaishe ta. Yanzu layi ya cika a wurin burodinta, gara kowa ya ji. Daga nan in wuce gidan fasto."

"Gwaggo don Allah!"

"Matsa min."

"Gwaggo ba Fane ba ce!"

"To wace ce?"

Suli ta kalli Baba. Ya girgiza mata kai. Ta kalli ƙofa. In Gwaggo ta fita, kafin la'asar sunan Baba ya gama zaga tsibirin, har da na baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba.

"Lupe ce," ta ce.

"Wa?"

"Lupe."

Gwaggo ta kalli jaririyar da ke tsotsar yatsa, ta kalli uwar.

"Wasa kike min?"

"Jika ba ta da tapu da kakanta, Gwaggo, ke ma kin sani. Ko hawa kansa ta yi ba komai. Sai na riƙa zaunar da Baba a ƙasa, in tsoma hannunta a mai, in ɗora a kansa, in riƙa zagayawa da shi. Matajin ma a hannunta nake sawa."

"Likitata kenan," Baba ya ce, yana neman sassauta abin. "Ba ta karɓar ko sisi, sai dai ta yi min fitsari a wuya."

Ba wanda ya yi dariya.

Sai can Gwaggo ta yi wata 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ido.

"'Yar wata huɗu ta iya taje kai. Lallai an haifi abin mamaki a Pangai, a kira masu rediyo." Ta matso. "Hannunta ne, na ji. Wa ya riƙe hannun?"

"Ni ce."

"Hannun da bai kai ƙwan kaza ba. Naki kuma ya rufe shi ruf. Kalle ni, Sulieti. Cikin sati shida, yatsanki bai taɓa zamewa ba? Ko sau ɗaya?"

Suli ta kalli ɗan yatsanta.

Ya zame. Ranar farko ma ya zame, ta ji ɗumin fatar kansa a ɗan yatsanta har sai da tsigar jikinta ta tashi. Ta ruga ta wanke hannu da ruwan teku. Ranar nan Baba ya ce mata, "Ajiye yarinyar nan ki yi da hannunki, ba abin da zai same ki." Ta ɗauka baƙin ciki ne ya fara taɓa masa tunani. Kamar yadda ta ɗauka zafin zazzaɓi ne ya sa Mama ta ce mata a asibiti, "Ki riƙe yadda ake dafa man nan, wata rana ke za ki yi masa."

Bayan ranar farko kuma ya yi ta zamewa, har ta daina ƙirgawa.

"Shirunki ya amsa," in ji Gwaggo. Idonta ya sauka kan Lupe ya tsaya. "Me ya sa take da hula cikin wannan zafin?"

Suli ta dafe hular.

"Iska ce Gwaggo, da safe akwai..."

"Miƙo ta."

"Barci take ji."

"Miƙo min ita na ce."

Ta miƙa.

Gwaggo ta zare hular.

Ga shi nan a tsakiyar kan yarinyar, ɓawo-ɓawo mai ruwan ɗorawa, ya manne a fata, ya gangaro har kusa da gira.

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

"Kwana tara kina rufewa."

"Na kai ta asibiti! Nas ta ce ba komai ba ne, ta ce yawancin jarirai suna yi, ba ya ciwo, ba ɗauka ake ba. Ta ce in shafa mai kaɗan in bari ya yi laushi, in goge da tsumma mai taushi in wanke, da kansa zai tafi."

"Kin yarda?"

Suli ta sunkuyar da kai.

"In kin yarda me ya kawo hula?"

Nan Suli ta fashe da kuka. Ta zube a tabarma. Kwana tara tana haɗiye abin nan ita kaɗai, ko mijinta da ke aikin jirgi ba ta faɗa wa a waya ba. Duk sanda ta ɗaga hular sai ta ga kamar ɓawon ya ƙaru. Daga kan kaka ya bar, a kan jika ya sauka, ta hannun da ita ta riƙe.

"Gwaggo ni na yi," ta ce cikin kuka. "Ni na taɓa, ita ba ta san komai ba. Ki faɗa min abin da zan yi ya dawo kaina. Ko aske ni za a yi a aske, ko gaban dangi zan durƙusa zan durƙusa. Kar ya tsaya a kanta, don Allah Gwaggo."

Gwaggo ba ta kalle ta ba. Yarinyar take kallo, ta daɗe tana kallonta.

"Tashi ki haɗa masa kaya," ta ce. "Jirgi zai juya ƙarfe huɗu. Gidan da 'ya ke wasa da kan ubanta ba zan bar ɗan'uwana a ciki ba."

"Gwaggo kabarin Mama..."

"Kabari ba ya gudu."

"Zai mutu a can!"

"To ki biyo shi ki hana. Ɗaki akwai, ke da yarinyar."

"Tapaita."

Baba ne. Muryar ba ta yi kama da tasa ba.

"Ya isa."

Suli ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska. Tunda take a duniya ba ta taɓa jin ya katse ƙanwarsa ba. Ko a kan gishirin miya.

"Me ka ce?"

"Na ce ya isa. Kin zage ni na shanye. Kin ɗora wa Fane sharri na shanye. Amma ba za ki tsaya kina kallon yarinyar nan tana kuka a kan abin da kin san babu shi ba."

"Sekope, ka san da wa kake magana?"

"Na sani sarai. Shi ya sa."

"Ka rufe bakinka."

"Shekara ashirin da biyar yana rufe. Akosita ta roƙe ki a gadon asibiti, kika ce ba yanzu ba. Ranar da aka haifi Lupe na roƙe ki a waya, kika kashe wayar. Kuma ba ni kike son ɗauka ba, amosanin kaina bai dame ki ba. Kin san duk inda aka kai ni za ta biyo, shi kenan kin same ta a gidanki ba tare da kin buɗe baki ba."

"Ka rantse min!" Muryar Gwaggo ta tsage. "Ka ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki ka rantse min!"

"Na rantse zan rufa miki asiri. Ban rantse zan bari ta yi zaton ta cuci 'yarta ba."

Suli tana kallon wannan tana kallon wancan.

"Baba, me kuke cewa ne? Wane asiri?"

"Ki faɗa mata ko ni in faɗa."

Gwaggo ta ƙanƙame Lupe a ƙirji. Matar da duk dangi ke tashi tsaye in ta shigo, ga ta tana ja da baya har ta bugi kujera.

"Sekope don girman Allah. Ba yau ba."

"Jirgi ƙarfe huɗu kika ce. Yau ce."

Ya ja jiki a kan tabarma, da gwiwa, har ya zo gaban Suli.

"Buɗe hannunki."

"Baba..."

"Buɗe, 'yata."

Ta buɗe tafin a kan gwiwarta, ba ta san me yake nufi ba. Hannunsa ba ya ɗaguwa, don haka sai ya sunkuya. Ya yi ƙasa da furfurarsa, ƙasa, ƙasa, har ya tura kansa cikin tafin hannunta.

Suli ta ƙwalla ƙara za ta fizge.

"Bar shi nan," ya ce daga ƙasa. "Ba abin da kika karya. Ba ranar farko ba, ba yau ba. Wa aka yarje wa kan kawu, Suli? Ita da bakinta ta faɗa sati shida da suka wuce."

"'Ya'yan... 'ya'yan ƙanwa."

"To ba inda za ni. Ga mai shafa min mai a gidana."

Ƙamshin mohokoi ya cika mata hanci. Tana jin ɗumin kansa a yatsunta biyar, ta kasa ɗagawa ta kasa dannawa. Maganar ta shiga kunnenta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi ƙarasawa ciki.

A hankali ta juya.

"Gwaggo."

Gwaggo ta kawar da kai.

"Gwaggo ki ce tsufa ne. Ki ce bai san abin da yake faɗa ba."

Daga bakin gaɓa jirgi ya busa ƙaho na farko.

Gwaggo Tapaita ta sunkuyar da fuska kan Lupe. Ta sa babban yatsa tana shafa ɓawon nan a hankali, yadda mai sanin abu ke yi. Hawaye ya ɗiga a goshin yarinyar.

"Nas ɗin ta yi gaskiya," ta ce, da ƙyar ake jinta. "Ba komai ba ne. Ke ma kin yi shi kina wata huɗu, a daidai wurin nan."

Ta ɗago ido ta kalli Suli.

"Ni na wanke miki shi da man kwakwa, ana gobe zan miƙa ki ga Akosita ta rene ki."